FASHIN BAƘI: Yadda ake ɗora kiɗan kwamfuta a kan bidiyo, da abin da ke sa baki ya saɓa da waƙa

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Hausa ko bidiyon waƙa a waya ya taɓa cin karo da wannan: jarumi ya buɗe baki, sai bayan ɗan lokaci muryar ta biyo. Ko kuma ana tsakiyar magana mai muhimmanci kiɗa ya taso ya danne ta, har mai kallo ya riƙa mayar da bidiyon baya don ya ji abin da aka ce. Akan ɗora laifin a kan jarumin, ko wayar, ko raunin sabis. Sau da yawa kuwa ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar takan faro ne a gaɓar da mai kallo ba ya gani, inda ake haɗa aikin mai kiɗa da na mai tace hoto.

Gaɓar ta ƙara muhimmanci tun da kasuwar kaset da faifai ta durƙushe, masu shirya fim suka karkata zuwa YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A zamanin da ake sayen fim a Ƙofar Wambai, kuɗi ya riga ya shiga kafin mai saye ya gano aibin sauti. Yanzu kuwa mai kallo na iya barin bidiyo cikin ƙiftawar ido, kuma kuskure guda a kan mallakar kiɗa na iya karkatar da kuɗin talla zuwa aljihun wani.

Daga fiyano zuwa manhaja

Akan ƙirga farkon masana'antar fim ɗin bidiyo ta Kano daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kafin ƙarshen shekarun 1990, fiyano mai aiki da lantarki, musamman ƙirar Yamaha, ta mamaye sitidiyoyin Kano, domin mutum ɗaya na iya fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga cikinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan wannan sauyi, da yadda waƙoƙin fim irin na Sangaya suka mayar da waƙa ginshiƙin kasuwar fim ɗin Hausa.

Daga baya aikin ya koma cikin kwamfuta. Manhajar Cubase, ta kamfanin Steinberg na Jamus, ta fito a 1989. FL Studio, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, ta faro da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, aka sauya mata suna a 2003. Auto-Tune, mai daidaita muryar mawaƙi, ta fito a 1997. A ɓangaren hoto kuma akwai Adobe Premiere da DaVinci Resolve, sai CapCut ga masu aiki da waya.

Abin lura shi ne gida biyu ne daban. Manhajar kiɗa tana ƙirga lokaci da bugun kiɗa da awon sauti, manhajar tace hoto kuma tana ƙirga shi da adadin hotuna. Ɗora kiɗa a kan bidiyo yana nufin sa waɗannan agoguna biyu su yi tafiya tare daga farko har ƙarshe.

Waƙa kafin hoto, ko hoto kafin kiɗa

Hanya ta farko ita ce wadda fim ɗin Hausa ya fi sabawa da ita. Mawaƙi ya rera waƙa a sitidiyo, a kammala ta, sannan a je wurin ɗaukar fim a kunna ta a lasifika, jarumai su riƙa bin ta da baki. Wannan shi ne abin da 'yan fim ke kira mamin. Daga finafinan Indiya aka gaji salon, kuma a can fim ɗin Dhoop Chhaon na 1935 ake dangantawa da fara shi. A wannan hanya waƙar ce uwa. Mai tacewa zai fara shimfiɗa ta, sannan ya jera hotuna a kanta. Sharaɗinta ɗaya ne: waƙar da aka kunna a wurin ɗauka ita ce za a ɗora a ƙarshe. Idan mai kiɗa ya koma sitidiyo ya ƙara mata sauri ko ya tsawaita shigarta bayan an gama ɗauka, babu gwanintar tacewa da za ta daidaita baki da ita.

Hanya ta biyu ita ce ta kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin labari, mai ƙara tsoro ko tausayi. A nan hoto ne uwa. Sai an gama yanka fim, darakta ya tabbatar ba za a ƙara ko a rage komai ba, sannan a fitar da kwafi maras nauyi a ba mai kiɗa. Cubase da Pro Tools suna da layin bidiyo, FL Studio ma tana da tagar da ke nuna bidiyo yayin da ake haɗa kiɗa. Darakta da mai kiɗa kan zauna su bi fim ɗin fitowa bayan fitowa, su rubuta inda kiɗa zai shiga da inda zai fita. Idan bayan haka aka cire daƙiƙa uku daga fitowa ta biyu, duk kiɗan da ke bayanta ya goce da daƙiƙa uku.

Lissafin agoguna biyu

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri, waɗanda masu sana'ar ke kira firam. Sinima na amfani da 24 a daƙiƙa ɗaya. Talabijin a Najeriya da Nijar da Turai ta ginu a kan 25, daidai da lantarkin waɗannan ƙasashe mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Amurka kuwa tana amfani da 29.97 tun da ta kawo talabijin mai launi a 1953.

Shi ma sauti a kwamfuta jerin awo ne. Na'ura kan auna igiyar sautin sau dubbai a kowace daƙiƙa ta adana lambobin. Faifan CD na amfani da awo 44,100 a daƙiƙa, kuma manhajojin kiɗa da dama da shi suke buɗe sabon aiki. Harkar fim da talabijin kuwa ta tsaya a kan 48,000. Wannan adadi yana rabuwa daidai a kan hotuna: kowane firam na samun awo 2,000 idan ana aiki da 24, ko 1,920 idan ana aiki da 25.

Manhajojin tacewa na zamani kan juya 44,100 zuwa 48,000 da kansu ba tare da an sani ba. Amma idan na'ura ta karanta fayil ɗin da kuskure, ta ɗauki na 44,100 a matsayin na 48,000, waƙar za ta ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, muryar ta sirance, kuma waƙar minti biyar za ta ƙare kimanin daƙiƙa 24 kafin lokacinta. Maganin wannan shi ne mai kiɗa ya saita aikinsa a kan 48,000 tun kafin ya buga ganga ta farko.

Saɓanin adadin firam ya fi wannan ɓuya. Tsakanin 30 da 29.97 bambancin kashi ɗaya ne cikin 1,000, amma a awa guda yana tara daƙiƙa 3.6. A waƙar minti biyar yana kaiwa kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya isa kowa ya ga baki ya goce. Hoton da aka ɗauka a kan 24 aka tilasta masa tafiya a kan 25 kuwa, zai gajarce da daƙiƙa 12 a kowane minti biyar. Wayoyin hannu suna da tasu matsalar: yawancinsu ba sa riƙe adadin firam ɗaya, sukan rage shi ko su ƙara gwargwadon haske da zafin na'urar. Shi ya sa masu tacewa kan fara juya bidiyon waya zuwa tsayayyen adadi kafin su ɗora masa sauti.

Daga nan ake samun hanyar gane cutar. Idan tazarar da ke tsakanin baki da murya iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, to wurin ajiye sautin aka kuskure, jan shi gaba ko baya kaɗan zai gyara. Idan kuwa an fara daidai sannan tazarar ta riƙa ƙaruwa, to agogunan ne suka saɓa, kuma sai an koma ga adadin firam ko awon sauti.

Lissafin yana da wani amfanin ga mai son yankan hoto ya riƙa faɗawa a kan bugun ganga. A bidiyo mai firam 25, minti ɗaya na ɗauke da firam 1,500. Kiɗa mai bugu 100 a minti zai ba kowane bugu firam 15 cif, mai bugu 125 kuma firam 12. Mai bugu 120 zai ba da 12 da rabi, wato bugu ɗaya ya faɗa a kan firam, na biye ya faɗa tsakanin biyu. Mai kiɗan da ya san wannan kan zaɓi saurin da zai sauƙaƙa wa mai tacewa.

Abin da ido ke yafewa

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan wannan. Mai kallo kan fara gane saɓani idan sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin 1,000 na daƙiƙa, ko kuma ya makara da kashi 125. Firam ɗaya a tsarin 25 kashi 40 ne cikin 1,000, don haka rigon firam biyu ya isa ya bayyana.

Akwai dalilin da ya sa aka fi jure makarar sauti a kan rigonsa. Sauti na tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa. Wanda ya hango mai sakwara ko mai daka daga nesa yakan ga taɓarya ta sauka kafin ya ji ƙararta. Ƙwaƙwalwa ta saba da haka tun ƙuruciya. Abin da ba ta taɓa gani a duniya ba shi ne a ji magana kafin baki ya motsa. Wannan ma ya shafi mamin: jarumin da ke tsaye mita 34 daga lasifika yana jin waƙar ne bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato firam biyu da rabi.

Matsalar ta girmi kwamfuta. A 1926 kamfanin Warner ya fitar da fim ɗin Don Juan da tsarin Vitaphone, inda kiɗan ke kan faifan garmaho daban, hoton kuma a kan zaren fim. Idan zaren ya tsinke aka liƙa shi da giɓin 'yan hotuna, sauti da hoto sun rabu ke nan har ƙarshen faifan. Dabarar da masana'antar ta riƙe tun wancan zamani tana nan: allon da ake bugawa a gaban kyamara kafin a fara ɗauka. Mai tacewa zai nemo firam ɗin da katakan suka haɗu, ya daidaita shi da tsinin ƙarar a layin sauti. Wanda ba shi da allo, tafi ɗaya a gaban kyamara ya wadatar. Tsakanin sitidiyon kiɗa da ɗakin tacewa kuma akan sa ɗan gajeren ƙara mai tsawon firam ɗaya, daƙiƙa biyu kafin hoton farko, a kan bidiyon da kuma kan fayil ɗin kiɗan, domin a haɗa su a wuri ɗaya.

Fayil ɗin da ya kamata a miƙa

Yawancin waƙoƙi na yawo ne a matsayin MP3 saboda rashin nauyinsa. Minti ɗaya na MP3 na yau da kullum bai cika megabait ɗaya ba, alhali minti ɗaya na WAV mai awo 48,000 da zurfin bit 24 ya haura megabait 17. Sauƙin nauyin yana da farashi, domin MP3 na zubar da wani ɓangare na sautin har abada. Idan aka ɗora shi a kan bidiyo aka fitar da MP4, za a sake matse shi zuwa AAC, sannan YouTube ko Facebook su sake matse shi a karo na uku. Kamar takarda ce da ake ta yi wa hoton kwafi daga kwafi. Ban da haka, MP3 kan ƙara ɗan guntun shiru a farkon fayil, wanda ke iya gusar da daidaito.

Saboda haka WAV ake miƙa wa mai tacewa. Kuma maimakon fayil guda, ƙwararru kan fitar da kiɗan rukuni-rukuni: ganguna daban, sauran kayan kiɗa daban, murya daban, dukkansu su faro daga wuri ɗaya ko da wani zai fara da shiru. Hakan na ba mai haɗa sauti damar rage ganga a inda ake magana ba tare da ya kashe sarewa ba. Haka kuma ana ajiye maganar jarumai daban da kiɗa da sauran ƙararraki. Wannan rabewa ce ke ba da damar fassara fim zuwa wani harshe ba tare da an lalata kiɗansa ba, kuma fim ɗin Hausa da ke fatan a saye shi a wata ƙasa yana buƙatarta.

Kada kiɗa ya cinye magana

Mai kiɗa kan matse waƙarsa ta fito da ƙarfi iyakar iyawa, domin ta yi gogayya da sauran waƙoƙi a waya da gidan biki. Maganar jarumi kuwa tana hawa tana sauka. Idan aka ɗora su yadda suke, kiɗa ne zai yi rinjaye. Hausa ba ta jure wannan, domin harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke rarrabe ma'ana. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, kunne ne kaɗai ke raba su.

Gyaran iri biyu ne. Na farko, a sa kiɗa ya sunkuya duk lokacin da aka fara magana, ya ɗago idan an yi shiru, ko dai da hannu ko da na'urar da ke yin hakan da kanta. Na biyu, a rage wa kiɗan ƙarfi a yankin da fahimtar magana ta fi dogara a kai, wato tsakanin girgiza 1,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa.

Akwai kuma ma'aunin ƙarfin sauti gaba ɗaya, wanda ake ƙirgawa da LUFS. A 2010 Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai ta tsayar da -23 ga shirye-shiryen talabijin. YouTube kuwa kan rage ƙarfin bidiyon da ya wuce kimanin -14. Ma'anar wannan ita ce wanda ya cika wa bidiyonsa ƙara har sautin ya fara tsagewa bai ci ribar komai ba: za a rage ƙarar, tsagewar kuma ta zauna. Gwaji na ƙarshe da ya fi kowanne amfani shi ne a saurari aikin a ƙaramar lasifikar waya, tunda a nan mafi yawan masu kallo za su ji shi. Kiɗan da ya yi daɗi a manyan lasifikokin sitidiyo na iya rasa gangarsa gaba ɗaya a waya.

Kiɗan na wane ne?

Ko da komai ya daidaita, saura tambayar da ta fi jawo asara. A kowace waƙa akwai haƙƙi biyu: na wanda ya tsara kiɗan da baitocin, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Ɗora waƙa a kan hoto na buƙatar izinin duka biyun.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa sayar da haƙƙin mallaka ko ba da keɓantaccen lasisi ba ya inganta sai a rubuce. Wannan na nufin furodusan da ya biya mai kiɗa kuɗi a hannu, aka rabu a kan amana, ba lallai ne ya zama mamallakin kiɗan ba. Kariyar dokar kuma doguwa ce: shekara 70 bayan rasuwar mai tsara kiɗa, shekara 50 ga sautin da aka naɗa.

A YouTube, na'ura ce ke fara yanke hukunci. Tsarin Content ID, wanda aka ƙaddamar a 2007, na kwatanta sautin kowane sabon bidiyo da taskar da masu haƙƙi suka yi wa rajista. Idan ya ga kama, mai haƙƙin na iya toshe bidiyon, ko ya karɓi kuɗin tallansa, ko ya riƙa bibiyarsa kawai. Mai bidiyon na iya ƙalubalantar iƙirarin, wanda ya yi shi kuma yana da kwana 30 ya ba da amsa. Wannan daban yake da gargaɗin keta haƙƙi, wanda idan ya taru sau uku ana iya rufe tashar baki ɗaya.

Rikicin kan taso ta hanyar da ba a zata ba. Mawaƙi ya yi wa fim waƙa, daga baya ya ba kamfanin rarraba waƙoƙi ita don ta hau Spotify da Audiomack, kamfanin ya yi mata rajista a Content ID, sai iƙirari ya faɗa a kan fim ɗin da aka yi waƙar dominsa. Haka kuma shiryayyun guntayen kiɗa da ke zuwa da manhaja, waɗanda dubban mutane ke da izinin amfani da su, kan sa na'urar ta ga kama tsakanin ayyukan mutanen da ba su taɓa sanin juna ba. A irin wannan hali, hujjar mai kiɗa ita ce ainihin fayil ɗin aikinsa na cikin manhaja da lasisin sautukan da ya yi amfani da su. Hujjar furodusa kuma ita ce takardar yarjejeniya.

Kafin a kunna kwamfuta

Kusan duk abin da aka lissafa a sama ana iya kauce masa da zama ɗaya tsakanin furodusa da mai kiɗa da mai tacewa kafin a fara aiki. A zaman za a tsayar da adadin firam da duk kyamarori za su yi aiki da shi, a amince da awo 48,000 da fayil ɗin WAV rukuni-rukuni, a faɗi inda za a nuna aikin domin a san ƙarfin sautin da za a nufa, sannan a rubuta wanda ya mallaki kiɗan da wanda ke da ikon yi masa rajista a intanet.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar na'ura ko ƙarin jari. Audacity kyauta ce, DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta mai ɗauke da sashen haɗa sauti. Abin da ake buƙata shi ne a yi maganar da wuri. Idan aka bari sai fim ya hau YouTube, gyaran sauti na nufin sauke bidiyon a sake ɗora sabo, kuma adadin masu kallo da sharhin da tsohon ya tara ba sa biyo shi.